Wasannin da manyan gidaje suka yar, ƴan sa-kai suka tsinta

A tsakiyar ƙasar Ingila, can cikin duwatsun lardin Derbyshire, akwai wani ɗan gari da ake ce wa Buxton. Tun zamanin da an san shi da ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda masu ciwon gaɓɓai kan zo nema. Yana kuma da gidan wasan kwaikwayo da aka gina a shekara ta 1903, mai cin mutum wajen 900. Duk shekara, idan watan Agusta ya gabato, garin kan cika da baƙi saboda wani biki da wani mutum mai suna Ian Smith ya kafa tare da ɗansa a 1994. Daga 2014 an kai bikin garin Harrogate na waɗansu shekaru, daga baya ya komo gidansa na fari. Abin da ake yi a wurin shi ne, ƙungiyoyin teyatur daga Ingila da Amurka da sauran ƙasashe su hau dandamali bi da bi, kowace da darenta, su nuna wasannin mutum biyu da suka daɗe da rasuwa, watau Gilbert da Sullivan, alƙalai kuma su auna su ba da kyauta.

Da yawa daga masu hawa dandamalin nan ba da wasa suke cin abinci ba. Wani mushen lakwal ne, wata likita ce, wani akawun banki, wani kuwa tsohon ma'aikaci ne da ya huta da aiki. Su ke biyan kuɗin motarsu da na masaukinsu, kuma ba mai ba su ko sisi idan labule ya sauka. Cikin masu kallo ma akwai waɗansu na dabam. Su ba shahararrun wasanni suka kawo su ba, gama waɗannan sun gan su har ba iyaka. Abin da suke bi shi ne wasan da ba a cika nunawa ba, wanda mutum zai yi shekara goma ko ashirin bai ji an sa shi a ko'ina ba. Da sun ji wata ƙungiya ta ɗauko irinsa, ko a zauren coci ne, ko a ɗakin taron wata lakwal a ƙarshen ƙasa, sai su shiga jirgin ƙasa su tafi.

Irin wasan da ake magana

Wasan da ake nufi a nan shi ne wanda Faransawa ke kira opereta ko komedi muzikal: wasan kwaikwayo ne da ake cakuɗa zance da waƙa da rawa, ƴan wasa na cikin magana sai makaɗa su tashi, mai magana ya ci gaba da bayyana abin da ke ransa cikin waƙa, ƴan amshi su karɓa. Irin wannan wasa yana da tsada ƙwarai. Sai da makaɗa, sai da mai koyar da waƙa da mai koyar da rawa, sai da tufafi masu yawa, sa'an nan kowane makaɗi sai an ba shi takardar da aka rubuta nasa rabon kiɗan. Saboda haka a manyan gidajen wasa na Landan da Niyok dokar guda ce: wasan da ya kawo kuɗi a yi ta nuna shi shekara da shekaru, wanda bai kawo ba a rufe shi, wani lokaci cikin mako guda, a tattara takardunsa a jefa a sito. Littafin da bai yi kasuwa ba yana nan a ɗakin karatu, duk wanda ya so ya buɗe shi. Wasa kuwa, in ba mutane sun taru sun koye shi sun hau dandamali ba, to babu shi, ko da takardunsa na ajiye.

Misalin da ya fi bayyana wannan al'amari shi ne na Gilbert da Sullivan ɗin nan. William Gilbert, wanda ya karanci aikin lauya, shi ke rubuta labari da kalmomin waƙa. Arthur Sullivan shi ke tsara kiɗa. Tsakanin 1871 da 1896 sun yi wasanni 14 tare. Uban tafiyarsu wani ɗan kasuwa ne, Richard D'Oyly Carte, wanda ya gina musu gidan wasa na Savoy a Landan a 1881, gidan da ya yi suna domin da wutar lantarki aka haskaka shi gaba ɗaya tun mutane na amfani da fitilar gas. Sun yi sa'a wadda ba a taɓa gani ba. H.M.S. Pinafore na 1878 an nuna shi sau 571 a jere. The Mikado na 1885 sau 672. The Gondoliers na 1889 sau 554.

Daga nan sai shaiɗan ya shiga tsakani, kuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1890 Gilbert ya ga an sa kuɗin sabuwar dardumar ƙofar gidan Savoy cikin lissafin da su ukun ke rabawa. Ya ce bai yarda ba, Sullivan ya goyi bayan Carte, magana ta kai gaban alƙali. An sasanta su daga baya, har sun sake yin wasanni biyu, amma zumuncin bai koma yadda yake ba, kuma waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka zama marayu.

Sarkin da aka ci da karta

Wasansu na ƙarshe, The Grand Duke, an buɗe shi ran 7 ga watan Maris 1896. Labarin wata ƴar ƙaramar masarauta ce ta Jamus wadda Gilbert ya ƙaga, mai sarki marowaci da ake kira Rudolph. Wata ƙungiyar ƴan teyatur ta ƙulla makircin tuɓe shi, kuma alamar da ƴan makircin ke gane juna da ita ita ce cin wani irin burodi mai nama a ciki, har duk cikinsu ya gundura da shi. A ƙasar akwai wata doka mai ban mamaki: idan mutum biyu suka yi husuma, ba a zare takobi, sai kowa ya ja karta guda. Wanda tasa ta fi ƙanƙanta ya mutu a idon shari'a, ko da yana yawo da ƙafafunsa. Wanda ya ci kuwa ya gaji matsayinsa da dukan abin da ke wuyansa. Ludwig, ɗan wasan ban dariya na ƙungiyar, ya ja kartar da ake kira as har sau biyu, ya ci shugaban ƙungiyarsu, ya kuma ci sarki. Ya hau gado yana murna, sai ga alkawuran auren waɗanda ya gada suna biyo shi ɗaya bayan ɗaya, har mata huɗu suka tsaya kowace na cewa ita ce tasa. A ƙarshe masanin doka ya sake duba littafi ya ga ashe as ita ce mafi ƙanƙanta a wannan doka, ba mafi girma ba. Komai ya warware, kowa ya koma wurin tasa. Akwai ma wata barkwanci da aka yi da gangan: cikin labarin mace guda ce Baturiyar Ingila, sai aka ba wata ƴar wasa ƴar ƙasar Hangare, Ilka Palmay, wannan matsayi, ta yadda ita kaɗai ke Ingilishi da karin harshen baƙi, Jamusawan labarin kuwa na yin nasu tsantsa.

Mutanen Landan ba su karɓi wasan ba. An nuna shi sau 123 aka rufe. Sullivan ya rasu a 1900, Gilbert a 1911. Kamfanin D'Oyly Carte ya ci gaba da zagaya ƙasa da sauran wasanninsu har 1982, amma wannan bai sake waiwayarsa ba sai a 1975, lokacin bikin cikarsa shekara 100, shi ma a tsaye aka rera shi dare guda, ba tufafi ba ado. Faifansa ya fito a 1976. Sai a 2012 ne ƙwararru suka sake nuna shi cikakke a Ingila, a wani ɗan gidan wasa na Landan mai suna Finborough wanda kujerunsa ba su wuce 50 ba, da kuma a bikin Buxton. Daga 1896 zuwa 2012 shekara 116 ke nan.

Ɗan'uwansa Utopia, Limited na 1893 ya ɗan fi shi sa'a, gama an nuna shi sau 245, amma shi ma kamfanin ya ajiye shi har 1975. Labarinsa kuwa duk wanda ƙasarsa ta ɗanɗana mulkin mallaka zai yi murmushi in ya ji. Sarkin wani tsibiri ne ya aika ɗiyarsa karatu Ingila, ta komo da mashawarta Turawa 6 don su gyara ƙasar ta zama kamar tasu. Suka mai da masarautar kamfani, har kowane ɗan ƙasa ya zama kamfanin kansa. Gyaran ya yi kyau har ya wuce kima: ba yaƙi, ba cuta, ba laifi, likitoci da lauyoyi suka rasa abin yi, jama'a ta tashi da bore. Sai gimbiya ta tuna abin da aka manta ba a kawo ba, watau mulkin jam'iyyu, inda wannan ke rushe abin da waccan ta gina. Da shi rikici zai dawo, kowa ya sami aiki. Gilbert ƙasarsa yake yi wa ba'a, ba tsibirin ba.

To, a tsawon shekarun nan da ƙwararru suka juya baya, wa ya riƙe wasannin biyu? Ƴan sa-kai ne. A Ingila al'adarsu tsohuwa ce: tun 1879 aka ba wata ƙungiyar mawaƙa ta garin Kingston izinin nuna H.M.S. Pinafore. A 1899 ƙungiyoyin suka kafa tarayyarsu mai suna NODA, wadda ta ba da labari a 1914 cewa ƙungiyoyi kusan 200 ne ke nuna wasannin Gilbert da Sullivan a shekarar. Da fari ba su da sakewa, domin kamfanin D'Oyly Carte ne ke riƙe da haƙƙin mallaka, shi ke ba da hayar takardun kiɗa, kuma yana bukatar a bi tsarinsa sau da ƙafa, har inda ɗan wasa zai tsaya da yadda zai ɗaga hannu. Haƙƙin ya ƙare a ƙarshen 1961, shekara 50 bayan rasuwar Gilbert, daga nan kowa ya sami damar yin yadda ya ga dama. A Amurka kuwa ƙungiyoyin sa-kai biyu, Blue Hill Troupe ta Niyok da Savoy Company ta Filadalfiya wadda aka kafa tun 1901, sun nuna The Grand Duke a ƙarshen shekarun 1930. Kafin faifan 1976 ya fito, wanda ke son jin kiɗan wasan a gidansa sai dai ya nemi faifan da ƴan sa-kai suka ɗauka. Haka ma waɗansu ayyukan da Sullivan ya yi da marubuta na dabam, irin su Ivanhoe na 1891 da The Beauty Stone na 1898: wata ƙungiyar masu sha'awa ta birnin Edinburgh ce ta ɗauke su a faifai cikin shekarun 1980, ƙwararru ba su biyo baya ba sai a 2010 da 2013.

Abin da ya sa suke iyawa

Mai karatu zai tambaya, yaya mushen lakwal da akawu za su ɗauki kayan da ya gagari masu kuɗi? Amsar tana cikin lissafi. The Grand Duke yana da ƴan wasa masu suna har 17, ban da ƴan amshi. Ga mai zuba kuɗi wannan albashi 17 ne duk mako, a kan wasan da ya riga ya faɗi sau ɗaya. Ga ƙungiyar sa-kai kuwa abin ya juya: tana da mutum 40 ko 50, kowa ya biya kuɗin ƙungiya, kowa kuma yana so a ji muryarsa ko da baiti guda ne. Wasan da ya fi yawan matsayi shi ya fi raba gardama. Bugu da ƙari, ba sa neman cika gida wata shida. Su yi gwaji da dare sau ɗaya ko biyu a mako na waɗansu watanni, su nuna wasan kwana biyar ko shida, shi ke nan. Kuma ƙungiyar da ta shekara 30 tana juya wasanni biyar ko shida, dole wata rana wani ya miƙe a taro ya ce a gwada wani abu sabo.

Amma fa kada a ɗauka abin ba kasada. Ƴan wasa ne kawai ba a biya. Hayar zaure ana biya, makaɗa galibi ana biyansu, hayar tufafi da fitilu ana biya, kuma idan wasan na zamani ne wanda haƙƙinsa bai ƙare ba, sai an nemi izini daga kamfanonin da ke riƙe da shi, irin su Music Theatre International ko Concord Theatricals, a ba su rabonsu daga kuɗin ƙofa, a yi hayar takardu, a mayar da su bayan an goge duk abin da aka rubuta da fensir. Wasa guda kan ci dubban fam. Mutanen gari kuwa sunan da suka sani suke saya wa tikiti: a sa Oliver! ko The Sound of Music zaure ya cika, a sa wanda ba su taɓa ji ba rabin kujeru su kwana ba kowa. Asara biyu a jere tana iya kashe ƙungiyar da ta fi kakannin ƴaƴanta shekaru, balle bayan annobar 2020 da ta rufe gidajen wasa wata da watanni ta bar asusun da yawa a bushe. Shi ya sa a kowane kwamiti ana samun ma'aji yana ja ta nan, mai koyar da waƙa yana ja ta can, kuma sau da yawa akan daidaita a kan a yi sanannen wasa a bana don a tara abin da za a yi kasada da shi baɗi.

A nan ne masu farautar nan ke da amfani. Ba su da yawan da za su cika zaure, amma su ne ke zuwa daga nesa, su sayi tikiti tun da wuri, su gaya wa juna. Da can ta mujallun ƙungiyoyi da wasiƙa suke samun labari, yanzu ta intanet. Suna ajiye takardun shirin kowane wasa da suka gani, suna rubuta rana da gari. Akwai masu burin ganin duk wasannin Gilbert da Sullivan a kan dandamali kafin su mutu, kuma kowa ya san inda lissafin ke tsayawa: goma na farko ba wuya, sauran su ke sa a yi tafiya.

Mutumin Damagaram ko Maraɗi ko Tawa da ya ga zamanin samariya ba baƙon wannan al'amari ba ne. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, a mulkin Seyni Kunce, wanda ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi, ƴan sa-kai ne suka ɗauke shi: malaman lakwal, ma'aikata, teloli, ƴan kasuwa, su tashi daga aiki su tafi gwajin teyatur da rawa da waƙa. Yazi Dogo, wanda sunansa ya game ƙasa ta radiyo da talabijin, shi ma daga aikin koyarwa ya fito. Bambancin shi ne, kamar yadda wata mai bincike Ba'amurkiya, Janet Beik, ta nuna a littafinta na 1987 kan teyatur na Hausa a Nijar, galibin wasannin nan ba a rubuta su ba: a shirya ƙashin labari tare, kowa ya sa nasa zance. Wasan Ingila da aka yar yana da takardar da zai jira a cikinta. Na samariya, in ba wanda aka ɗauka a kaset ba, yana cikin kawunan waɗanda suka yi shi ne kawai.

Akwatuna 80 a wani sito

Takardar ma ba kullum take tsira ba, kuma labarin Amurka ya nuna haka. A shekarun 1920 da 1930 ba wanda ya ɗauki wasannin Broadway, unguwar gidajen wasa ta Niyok, a matsayin abin adanawa. Waƙa biyu ko uku da suka yi farin jini a buga su a sayar, sauran a watsar. A 1982 aka buɗe wani sito na kamfanin Warner Brothers a garin Secaucus, kusa da Niyok, aka tarar da akwatuna wajen 80 cike da rubutun kiɗa na George Gershwin da Jerome Kern da Cole Porter da Richard Rodgers da waɗansu, har da waƙoƙin da aka ɗauka sun ɓace har abada. Kamfanin ya gaje su ne tun lokacin da ya sayi gidajen buga waƙoƙi a farkon zamanin sinima mai magana, aka ajiye aka manta. Da waɗannan takardu aka sake gina wasanni da dama, har John McGlinn ya fitar da cikakken faifan Show Boat a 1988. Bayan haka ƙwararru ma suka shiga neman tsofaffin wasanni: Ian Marshall Fisher ya fara shirin Lost Musicals a Landan a 1989, inda ƴan wasa ke riƙe da littafi a hannu suna rerawa, aka kuma fara Encores! a Niyok a 1994. Daga wannan na biyun ne wasan Chicago ya sake tashi a 1996 ya zama ɗaya daga waɗanda suka fi daɗewa a Broadway.

Wasan da ya fi ba masu farauta hujja shi ne Merrily We Roll Along na Stephen Sondheim da George Furth. Labarin abokai uku ne da neman duniya ya raba, amma ana ba da shi daga ƙarshe zuwa farko: a fara da su sun manyanta sun ɓata, a ƙare da su matasa suna cike da buri. An buɗe shi a Broadway cikin watan Nuwamba 1981 da ƴan wasa matasa, masu kallo suka ruɗe, aka rufe bayan nuni 16. Washegarin rufewa aka tara ƴan wasan aka ɗauki waƙoƙin a faifai, kuma faifan nan ne ya riƙa yawo hannu zuwa hannu. Ɗaliban jami'a da ƙananan ƙungiyoyi suka yi ta neman izinin nuna shi. A Ingila ma ɗaliban makarantar Guildhall ta Landan ne suka fara nuna shi a 1983. Marubutan suka yi ta gyara shi shekara da shekaru. A 2023 ya koma Broadway, gida na cika, a 2024 ya ci kyautar Tony ta wasan da aka farfaɗo da shi. Sondheim bai ga wannan rana ba, gama ya rasu a 2021. Akwai kuma wani abin takaici a tsarin: idan ƙwararru suka ɗauko wasa za su nuna ko za su zagaya da shi, masu haƙƙi kan dakatar da ba ƙungiyoyin sa-kai na yankin izini, don kada a raba masu kallo. Watau ranar da wasan ya fara kawo riba, waɗanda suka yi jinyarsa su ke fara komawa gefe.

Gaskiya kuwa, ba kowane wasan da aka manta ne aka zalunta ba. Waɗansu mantuwar ta dace da su. The Grand Duke kansa ya yi tsawo, zancensa na jan ƙafa, kuma kusan duk ƙungiyar da ta ɗauke shi sai ta sa almakashi. Gilbert ma ya fara rage shi tun bayan daren farko. Waɗansu tsofaffin wasannin cike suke da ba'a ga baƙar fata da mutanen Asiya, irin wadda ba mai hankalin da zai maimaita ta yau ba tare da gyara ba. Sa'an nan ƴan sa-kai ƴan sa-kai ne: wani lokaci saurayin labarin ya girmi wanda ke matsayin ubansa, makaɗa 30 da marubucin ya tsara wa kiɗa sun koma 8, ko ma fiyano guda. Wanda ya yi tafiyar awa biyar yana iya komawa gida da abin da bai kai kuɗin jirginsa ba. Amma ko hukuncin cewa wasa bai da kyau sai an gan shi a kan dandamali ake iya yanke shi, gama akwai waƙar da ba ta da armashi a takarda, sai mutum 40 sun ɗauke ta tare a ji abin da mai ita ya nufa, akwai kuma barkwancin da sai an ji zaure ya fashe da dariya a san yana da rai. Da dama daga waɗanda suka ga The Grand Duke an taƙaita shi da kyau sun fito suna cewa kiɗansa bai cancanci zaman sito na shekara 100 ba.

Saura guda, wanda ya fi duka wuya. Wasan farko da Gilbert da Sullivan suka yi tare, Thespis, an buɗe shi a gidan Gaiety na Landan ran 26 ga watan Disamba 1871, an shirya shi cikin gaggawa don shagalin Kirsimeti. Labarin gumakan Girkawa ne da suka tsufa mutane suka daina kula su, sai suka bar wa wata ƙungiyar ƴan teyatur riƙon duniya na shekara guda, su kuwa suka dagula komai. An nuna shi sau 63. An buga littafin zancensa, yana nan. Kiɗan kuwa ba a buga shi ba, kuma ya ɓace. Abin da ya rage shi ne waƙa guda da aka sayar dabam, da wata ta ƴan amshi da suka sake amfani da ita a The Pirates of Penzance a 1879, da kiɗan rawa da waɗansu masu bincike biyu suka gano a 1990 cikin takardun wani aikin Sullivan na dabam. Duk da haka masu sha'awa ba su haƙura ba. A 1962 Terence Rees ya ɗauki kalmomin Gilbert ya ɗora su kan kiɗan da ya tsinto daga sauran ayyukan Sullivan, aka nuna wasan a jami'ar Landan, kuma tun daga nan ƙungiyoyi da dama sun yi nasu, waɗansu da kiɗan aro, waɗansu da sabon kiɗa da wani ɗan ƙungiya ya tsara. Don haka Thespis ɗin da aka gani a wannan gari ba shi ne na wancan ba, kuma masu farauta na gardama a tsakaninsu ko wanda ya ga irin wannan yana da ikon rubuta 14 a lissafinsa, ko kuwa ya tsaya a 13. Cikakken rubutun kiɗan Sullivan na 1871 har yanzu ba a gan shi ba.